Babi na Shida: Ƙafar da Ta Daina Jin Ƙasa

Idan ka baro Gwagwalada ka miƙi hanyar Lokoja, da ka wuce Kwali kaɗan za ka iso Yangoji. Matafiya sun san garin da manyan motocin da ke tsala gudu a kan titinsa, da kuma jami'an hukumar kiyaye haɗurra da kusan kullum suke cikin aikin kwasar waɗanda tsautsayi ya rutsa da su. Akwai kuma abin da ba a hangowa ta tagar mota: unguwar Alheri, inda aka tsugunar da mutanen da suka yi fama da cutar kuturta tare da iyalansu.

Daga Alheri na ga ya dace in fara wannan babi, domin da wuya a sami wanda ya kai mutanen unguwar sanin darajar jin zafi. Ƙwayar cutar kuturta, wadda likitan ƙasar Norwe Gerhard Armauer Hansen ya gano a 1873, jijiya take kamawa. Idan ta cinye jijiyar da ke kai labari daga tafin ƙafa zuwa ƙwaƙwalwa, sai mutum ya taka ƙaya bai sani ba, ya sauke tukunya daga murhu hannunsa na ƙonewa bai ji ba. Rauni ya zama gyambo, gyambo ya ci ƙashi. Yawancin yatsun da ake rasawa ta wannan hanya ake rasa su. Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke koya wa masu wannan lalura su riƙa duba ƙafafunsu kullum da yamma, su jiƙa su a ruwa, su goge kanta, su shafa mai. Ido ne yake karɓar aikin da jijiya ta ajiye.

Akwai wata hanya da ke kai ƙafa ga irin wannan shirun ba tare da ƙwayar cuta ba. Yunwa ce, amma ba ta ciki ba, ta jijiya. Tana yin shekaru tana aikinta a ɓoye, kuma sau da yawa ba ta fitowa fili sai bayan an yi wa mutum tiyata. Da ta fito kuwa, an riga an san wanda za a ɗora wa laifi: allurar baya.

Abin da ake faɗa a tsakar gida

Mu ƙaddara wata mace ce a ɗaya daga ƙauyukan Kwali, irin wadda kowannenmu ya san kamarta. Cikinta na biyar ne cikin shekara takwas, kuma kowane ɗa sai ta shayar da shi har wani cikin ya shiga. Abincin gidan tuwon dawa ne ko na masara, da doya a lokacinta, da miyar kuka ko kuɓewa. Nama sai ranar suna ko sallah, ƙwai kuwa na sayarwa ne. Tun cikin yana wata shida take jin kamar kiyashi na yawo a tafin ƙafafunta, in ta faɗa sai a ce nauyin ciki ne. Naƙuda ta zo da gardama, aka kai ta asibiti, aka ce sai an yi aiki. Ta zauna a bakin gado ta duƙa, aka soka mata allura a gadon baya, ƙafafu suka yi nauyi, aka ciro jariri tana ji tana gani. Kafin dare ƙafafun suka dawo, bayan kwana biyar aka sallame ta.

Ba a yi arba'in ba ta fara tangaɗi. Silifas yakan zame daga ƙafarta ba ta sani ba. Da rana tana lallaɓawa, amma in duhu ya yi sai ta dafa bango. Uwar mijinta ta ce, "Ai na faɗa muku, allurar nan ta baya ba ta barin mutum yadda ta same shi." Maƙwabciya ta ce sanyi ne ya shige ta, wata ta ce a nemi rubutu ko jifa ne. Ƙanwarta da ke da ciki ta ji duk wannan, ta ƙudura a ranta cewa ko za ta mutu ba za a soke ta a baya ba.

Hasara biyu ke nan a gida ɗaya. Ta farko, ciwon da ke da magani mai araha ana kallonsa yana ci gaba, domin an ba shi sunan da ba nasa ba. Ta biyu, mace mai ciki ta ɗauki tsoron abin da wata rana zai iya ceton ranta da na ɗanta. Ruwa ba ya tsami banza, gaskiya ne, amma kafin a yanke hukunci sai a san me ya faɗa cikinsa.

Inda allurar ke zuwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen mahauci yana sara ƙashin bayan rago ya ga wata farar igiya mai taushi a tsakiyar ƙashin. Ita ce laka. Ta nan duk saƙon ƙwaƙwalwa ke sauka zuwa gaɓoɓi, ta nan kuma labarin gaɓoɓi ke hawa. A Hausa kalmar jijiya ta haɗa abubuwa da yawa, har da hanyar jini da agara, amma a wannan babi jijiyar saƙo nake nufi.

A jikin baligi laka ba ta kai ƙarshen ƙashin baya ba. Tana tsayawa ne a saman ƙugu, daidai ƙashi na farko ko na biyu cikin ƙasusuwa biyar na wannan wuri. Daga nan ƙasa sai zaren jijiyoyi da ke lilo a cikin ruwa, waɗanda likitoci ke kira da wani suna na Latin mai ma'anar wutsiyar doki. Mai yin allurar baya ƙasa da ƙarshen laka yake sokawa, cikin wannan ruwa, ya zuba maganin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Wanda aka fi amfani da shi a asibitocinmu shi ne bupibaken. Maganin yakan toshe saƙon jijiyoyin na awa biyu zuwa huɗu, sannan jini ya kwashe shi, ƙafa ta farfaɗo.

Wani likitan tiyata Bajamushe, August Bier, shi ya fara yin wannan aiki a garin Kiel a watan Agusta na 1898, da hodar koken da aka narkar. Bayan ya yi wa marasa lafiya shida, shi da mataimakinsa August Hildebrandt suka gwada a jikin junansu. Bier ya kwanta kwana tara da ciwon kan da ke tsananta in ya tashi zaune, ya lafa in ya kwanta. Har yau wannan ciwon kai yana cikin matsalolin da aka fi gani bayan allurar, kuma yawanci yana wucewa.

Wannan ba ya nufin allurar ba ta taɓa cutar da kowa ba. Ranar 13 ga Oktoba 1947, a asibitin Chesterfield da ke Ingila, aka yi wa mutum biyu, Albert Woolley da Cecil Roe, allurar baya don ƙananan ayyuka, dukansu kuma suka shanye daga ƙugu zuwa ƙasa har ƙarshen rayuwarsu. Kotu ta karɓi bayanin cewa ruwan kashe ƙwayoyin cuta da aka jiƙa kwalaben magani a ciki ne ya kutsa ta tsagar da ido ba ya gani, ta kuma hana su diyya. A 1990 wani likita, Christopher Hutter, ya sake bin diddigin lamarin, ya nuna cewa ya fi kama da ragowar ruwan asid da aka wanke tukunyar dafa allurai da shi. Ko wanne ne gaskiya, ƙazanta ce ta shiga inda bai kamata ba. Shekaru da dama bayan shari'ar likitocin Ingila suna gudun allurar baya.

Abin da ya dawo da ita shi ne tsafta, allurai sirara da ake jefarwa bayan amfani ɗaya, da kuma ƙidaya. A rahoton da ƙungiyar likitocin sa barci ta Birtaniya ta fitar a 2009, an bi sawun allurai kusan 700,000 na baya da danginsu da aka yi cikin shekara guda, aka sami illa mai ɗorewa a tsakanin mutum 2 zuwa 4 cikin kowane 100,000. Ga mai ciki kuwa, allurar baya ta fi maganin barci na gaba ɗaya aminci, domin tana numfashi da kanta, kuma haɗarin abin da ke cikinta ya koma huhu ya ragu ƙwarai.

Darasin Babbar Ruga

A bayan garin Katsina akwai asibitin Babbar Ruga, wanda asalinsa na masu cutar kuturta ne. A farkon shekarun 1980 wani likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya zo aikin kuturta a can, sai ya tarar da mata masu yoyon fitsari suna zuwa neman taimako. Ya juya ga ɗinkin yoyon fitsari, ya yi wa dubban mata aiki a Katsina da Kano da wasu garuruwa, kuma da allurar baya yake yi. Da yake idonsa ya saba da duba jijiya tun daga aikin kuturta, sai ya lura cewa da yawa daga cikin matan suna jan ƙafa, tafin ƙafar yana faɗuwa ba sa iya ɗaga shi. A 1994 shi da Thomas Elkins suka wallafa nazari a kan mata 947 game da wannan lalura.

Abin lura shi ne matan da ƙafarsu a haka suka iso, tun ba a taɓa bayansu da allura ba. Kan jariri ne ya daɗe a ƙugu cikin doguwar naƙuda, ya danne jijiyar da ke gangarawa zuwa ƙafa. Da ba a duba su kafin aiki ba, da da yawa sun koma gida suna cewa allura ce. Ka'idar da za mu riƙe ke nan: abin da ya bayyana bayan allura ba lallai ne a ce allura ta haife shi ba, kuma hanyar sani ita ce a duba ƙafa tun kafin a soka.

Abincin jijiya

Kowace jijiya tana da riga, wani farin kitse mai suna mayelin, kamar robar da ke lulluɓe wayar lantarki. Jiki kullum cikin gyaran wannan riga yake, kuma gyaran ba ya yiwuwa sai da bitamin B12. Idan ya yi ƙaranci, rigar takan fara zaizayewa, musamman a ɓangaren baya na laka, inda saƙon da ke gaya wa mutum inda ƙafarsa take yake bi. A 1900 likitoci uku a Landan, Russell da Batten da Collier, suka yi cikakken bayanin wannan zaizayewa, a lokacin da ba wanda ya san sanadinta. Tana tafiya da wani ƙarancin jini da ke kisa, wanda Thomas Addison ya siffanta tun tsakiyar ƙarni na 19.

A 1926 George Minot da William Murphy a birnin Boston na Amurka suka riƙa ciyar da marasa lafiya 45 hanta mai yawa kullum, sai ga waɗanda aka fid da rai da su suna tashi. Wannan ya ba su kyautar Nobel a 1934 tare da George Whipple. A 1948 aka tace sinadarin da ke cikin hantar, ya fito jajir, daga baya Dorothy Hodgkin ta jami'ar Oxford ta gano siffarsa: a tsakiyarsa akwai ƙwayar ƙarfen kobal guda ɗaya. A riƙe wannan ƙarfe a rai, za mu dawo kansa.

Abin da baligi ke buƙata a rana bai taka kara ya karya ba, maikirogiram 2.4 ne kawai, mai ciki 2.6, mai shayarwa 2.8. Sai dai gero da dawa da masara da doya da rogo da wake ba su da shi. Daga dabba ake samunsa: hanta, ƙoda, nama, kifi ɗanye ko banda, ƙwai, nono da kindirmo. Hantar ɗan Adam tana ajiye abin da zai kai shi shekara uku zuwa biyar, shi ya sa ciwon ba ya zuwa da gaggawa. Rumbu ne ake ɗiba ba a zubawa, mai gida bai sani ba sai ranar da aka taɓo ƙasa. Mace mai haihuwa a kai a kai ɗiba biyu ake yi mata, domin ɗan tayi yana ja, mai shan nono ma yana ja, kuma in rumbunta ya ƙare jaririn ma zai rasa.

Akwai kuma masu cin nama da ƙwai amma cikinsu ba ya tsotsar bitamin ɗin. William Castle ya nuna a 1929 cewa tumbi yana fitar da wani sinadari da ke riƙo hannun B12 ya shigar da shi jini. Wasu garkuwar jikinsu ce ke lalata wannan sinadari, wasu tsufa ne ke rage ruwan tumbinsu. Masu ciwon suga da suka daɗe a kan metfomin suna cikin haɗari, haka ma masu shan omefirazol wata da watanni don olsa, abin da ya zama ruwan dare a shagunan magani ba tare da takardar likita ba. Wanda aka yanke wa wani sashe na tumbi ko ƙarshen ƙaramin hanji shi ma haka.

Wani tarko kuma yana cikin katin awo. Ana ba masu ciki folik asid, kuma wajibi ne su sha, domin yana kare jariri daga nakasar laka da ƙwaƙwalwa. Amma folik asid yana iya gyara ƙarancin jinin da rashin B12 ya jawo, ya bar jijiya tana ci gaba da lalacewa. Sai a auna jini a ce ya cika, alhali ƙafa tana mutuwa. Ko ba folik asid ma hakan na faruwa: a 1988 John Lindenbaum da abokan aikinsa a New York suka duba mutum 141 da rashin B12 ya taɓa musu jijiya ko ƙwaƙwalwa, suka tarar 40 daga cikinsu jininsu bai nuna alamun da aka saba nema ba. Jajayen idanu da cikar jini ba sa wanke mutum daga wannan ciwo.

A ƙasarmu ma an daɗe da sanin cewa abinci yana taɓa jijiya. A shekarun 1960 Farfesa Benjamin Osuntokun na Ibadan ya yi nazarin wani ciwon tangaɗi da mutuwar ƙafa a ƙasar Yarbawa, ya danganta shi da gubar rogon da ba a sarrafa sosai ba ga mutanen da kusan shi kaɗai suke ci. Cikin da ya dogara da abu ɗaya, jijiya ce ke biyan bashinsa.

Iskar da ke kashe bitamin

To ina tiyata ta shigo? Ta ƙofa biyu. Ta farko, jijiyar da ke fama da yunwa ba ta da juriyar mai lafiya. Doguwar naƙuda, zubar jini, faɗuwar bugun jini a kan gadon aiki, kwanciya a wuri ɗaya, kwanakin rashin cin abinci, da shayarwar da ke biyo baya, duk nauyi ne a kan katangar da ruwa ya riga ya ci gindinta. Likitoci sun rubuta labarin mutanen da zaizayewar laka ta bayyana gare su bayan allurar baya, da aka bincika sai aka tarar B12 ɗinsu a ƙasa yake tun tuni. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ƙofa ta biyu ita ce aka fi tabbatarwa, kuma ba ta cikin allurar. Wata iska ce mai suna naitiros, wadda ake kira iskar sa dariya, da ake shaƙa wa mara lafiya a wasu asibitoci cikin maganin barci, ko a ƙara masa ita idan allurar baya ba ta kama sosai ba ko aikin ya yi tsawo. Wannan iska tana taɓa ƙarfen kobal ɗin nan da ke tsakiyar B12 ta sauya shi, bitamin ɗin ya zama gawa, kuma ba ya farfaɗowa sai jiki ya sami sabo. A 1956 Henry Lassen a birnin Kopenhagen ya ga ɓargon masu ciwon tetanus ya daina yin jini bayan an yi kwanaki ana shaƙa musu ita. A 1978 Robert Layzer ya ba da rahoton mutum 15, kusan dukansu likitocin haƙori, da lakarsu ta taɓu saboda yawan shaƙarta. A 1986 kuma Robert Schilling ya yi gargaɗi cewa ga wanda B12 ɗinsa ya riga ya yi ƙasa, shaƙa ɗaya a ɗakin tiyata ta isa. Mai cikakken rumbu ba ya ma sanin an ɗiba. Mai rumbun da ya kusa ƙarewa kuwa yakan tashi daga aiki lafiya, sai bayan mako biyu zuwa shida ƙafafu su fara mutuwa.

Yau wannan iska ta fita daga asibiti ta shiga wuraren shaƙatawa, matasa suna zuƙarta daga balan-balan. A watan Yuli na 2023 shugaban hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA, Janar Buba Marwa mai ritaya, ya ba da umarnin a murƙushe sayar da ita don maye a duk faɗin ƙasa, Birtaniya ma ta haramta mallakarta don wannan manufa a watan Nuwamba na shekarar. Saurayin da ya saba da balan-balan, in ya karye a kan hanyar Lokoja aka kai shi asibitin koyarwa na Gwagwalada, dole ya gaya wa likita gaskiya kafin a shiga da shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Agogo da kalanda

Babbar alamar da ke rarrabe waɗannan matsaloli ita ce lokaci. Illar da ta fito daga allurar kanta da agogo ake auna ta. Idan awa huɗu ta wuce mara lafiya bai iya ɗaga ƙafarsa daga kan gado ba, ko ƙafar ta dawo sannan ta sake mutuwa, ko ga ciwon baya mai tsanani da zazzaɓi, ko fitsari da bayan gida sun ƙi riƙuwa, ko mazaunai sun daina jin taɓi, a kira likita nan take ko da tsakar dare ne. Yana iya zama jini ko ruwan ƙurji ya taru yana danne jijiyoyi, kuma damar warkewa ta fi yawa idan an buɗe an cire cikin kamar awa takwas. Mai jinya kada ta ce bari gari ya waye.

Dannewar jijiya daga naƙuda kuwa yawanci ƙafa ɗaya take kamawa, ana ganinta da zarar mace ta fara takawa, kuma mafi yawa tana sauƙi cikin makonni ko watanni.

Yunwar B12 da kalanda ake auna ta. Tana zuwa a hankali, ƙafafu biyu lokaci ɗaya, daga yatsu tana hawa, daga baya ta taɓa hannuwa. Mai ita yana jin kamar a kan auduga yake tafiya. Idan ya rufe ido zai wanke fuska wajen alwala sai ya ji zai faɗi, tafiya masallaci da asuba kuma ta zama wahala, domin da ido yake gane inda ƙafarsa take. Harshe yakan yi sumul ya yi ja yana zafi. A baƙar fata gaɓoɓin yatsu da tafin hannu sukan ƙara duhu. Wasu sukan yi mantuwa, ko fushi ba dalili, ko baƙin cikin da za a ɗauka na jego ne. Ta bambanta da kuturta, wadda ke zuwa da tabo mai haske a fata da ba ya jin taɓi, kuma wadda ita ma tana warkewa da maganin da ake bayarwa kyauta.

Maganin rashin B12 allura ce a tsoka, maikirogiram 1,000, a jere a farkon lamari, galibi ana tsallake kwana ɗaya, har sai sauƙin ya tsaya, sannan a riƙa yi lokaci lokaci yadda likita ya tsara. Wanda tumbinsa ne ba ya tsotsa zai ci gaba da ita muddin rai. Kada a dogara da ƙwayar da ake kira bi kwamples ba a karanta kwalinta ba, domin wasu ba su ƙunshi B12 ba sam. Wanda aka kama cikin makonni ko 'yan watanni yakan warke ko ya kusa. Wanda aka bari shekara ta zagayo, wani ɓangaren jijiyar ya tafi ke nan.

Minti biyar kafin allura

Gwajin B12 a jini sai a manyan asibitoci da ɗakunan gwaji na birni, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin mutane da yawa. Amma gwajin farko ba ya cin ko kwabo. Ma'aikaciyar awo ko mai yin allurar barci ya tambaya: "Baiwar Allah, ƙafafunki suna yi miki kamar kiyashi? Takalmi yana zame miki ba ki sani ba? Yaushe rabonki da nama ko kifi ko nono? Wane magani kike sha kullum?" Ya ce ta tsaya ta haɗa ƙafafu ta rufe ido, ya ga ko za ta yi layi. Ya kama babban ɗan yatsanta ya ɗaga ko ya sauke, ta faɗi inda ya nufa ba tare da ta duba ba. Ya rubuta abin da ya gani a kati. In akwai alama, a guji iskar naitiros, a ɗebi jini in da hali, a fara B12 ba tare da jiran sakamako ba, domin ba ya cutarwa. Aikin gaggawa ba ya jiran wannan, kuma rashin B12 ba dalili ba ne na barin mace cikin naƙudar da ta ƙi ci.

Mara lafiya ita ma tana da nata rabon. Ta ce, "Likita, tun kafin yau ƙafafuna ba sa jin ƙasa sosai." Wannan magana ɗaya tana iya sauya irin maganin da za a ba ta. Maigida kuma ya san cewa 'yar hanta, ko ƙwai biyu daga akurkin gida, ko kindirmo daga rugar da ke bayan gari, ga mai ciki da mai jego ba kwaɗayi ba ne. A wasu gidaje har yau ana hana mai ciki ƙwai saboda camfi, a ba maigida tsoka a bar mata romo. Da wannan romon ake so ta gina jijiyar mutum biyu.

Mutanen Alheri sai da jijiya ta mutu aka koya musu duba ƙafa, kuma da wannan duban na kowace yamma da yawansu suka tsira da yatsun da suka rage. Matar da ke zaune a bakin gadon tiyata a Kwali ko Gwagwalada, ta duƙa tana jiran allura, jijiyarta tana da sauran rai. Kafin a ɗaga rigarta a nemi gurbin ƙashi, a fara sunkuyawa a taɓa ɗan yatsan ƙafarta, a tambaye ta ko ta ji.